Reza a Hular Bawa

Bawa na Farfaru yana ajiye reza a cikin naɗin hularsa. Ba sabuwa yake saya ba. In na gama aski da ita nakan wanke ta in goge, in miƙa masa, shi kuma ya nannaɗe ta a guntun takardar siminti ya cusa ta a hular, ta wajen kunnen dama. Sau ɗaya na ce masa mai ɗaukar buhu a ka bai kamata ya ajiye abu mai kaifi a kansa ba. Ya ce, "Wanzam, in zan ɗauka ai cire hular nake." Ban ƙara tada maganar ba.

Ni wanzami ne. Rumfata tana ƙarƙashin bishiyar bedi a bakin boda, daidai inda manyan motoci ke jeruwa kafin a ɗaga musu shinge. Na fi shekara talatin a wurin. Wanda yake riƙe kawunan mutane a hannunsa yakan san wasu abubuwa da ba a faɗa masa ba, kuma yakan koyi rufe baki.

Bawa manomi ne tun asali. Ya zo dako ne yana da shekara arba'in da 'yan kai, a lokacin da gonakin yammacin garinsu suka zama wurin da mutum ba ya zuwa in yana son ya dawo. Ya kwaso matarsa Tsahara da 'ya'yansu huɗu ya kama musu ɗaki a Jibiya, shi kuma ya nemi gammo. Gajere ne mai kaurin wuya, ba ya da yawan magana, kuma in zai yi dariya sai ya sunkuyar da kai kamar wanda ya tuna wani abu.

A wurinmu ba a yin dako mutum ɗaya. Buhun da ake sauke wa daga wannan mota a loda a waccan ya fi ƙarfin mutum ya ɗaga shi kaɗai, don haka biyu-biyu suke aiki: wannan ya aza wa wancan, in ya dawo shi ma a aza masa. Abokin aikin Bawa shi ne Sule, dogo, mai surutu, mutumin wani ƙauye gaba da Ɗan Isa a ƙasar Nijar. Shekara tara suna tare. Kwano ɗaya suke ci. Goro ɗaya suke ɓarawa. Kuma suna bin ƙa'idar da duk 'yan dako ke bi, cewa wanda ya raba ba shi ne zai zaɓa ba. Tsakaninsu Bawa ne mai rabo, Sule ne mai zaɓe, ban taɓa ganin sun juya ba.

"Ɗan Faranshi, ɗauki naka," in ji Bawa, in ya miƙa tafin hannu.

"Bari in duba tukuna. Ku mutanen Ingilishi ba a yarda da awonku."

Akwai wata ƙa'idar kuma, wadda ba a faɗa da ƙarfi. Sarkin dako ba ya ba mai ciwo kaya. Ba mugunta ba ce, an taɓa samun wanda ya faɗi da buhun wani Alhaji, aka yi ta shari'a. Tun daga nan, duk wanda aka ji yana da ciwon da ba ya warkewa, sai a karɓi gammonsa a ce ya je ya huta. Ban san wanda ya je hutun nan ya dawo ba.

Bawa ya fara zuwa wurina ƙaho saboda ciwon ƙeya. Na kafa masa sau uku a wata biyu. A na ukun, da na ɗora yatsa a gefen goshinsa, sai na ji jijiyar tana harba kamar an ɗaure akuya tana fizge igiya. Na ce masa wannan ba aikin ƙaho ba ne, ya tafi ƙaramin asibitin unguwa a auna shi.

Ya je. Malamar asibitin, Ummusalma, yarinya ce mai natsuwa wadda take ganin mutum kusan tamanin a rana ita da abokiyar aikinta ɗaya. Ta ɗaura masa abin awo a damtse, ta sake ɗaurawa, ta ce hawan jini ne, kuma ciwo ne da ake zama da shi har ƙarshen rayuwa. A lokacin akwai wani shiri da ya zo asibitin, wanda ke ba marasa ƙarfi maganin wata-wata ba tare da sun biya ba, muddin mutum yana da katin ɗan ƙasa. Bawa yana da shi. Aka buɗe masa kati, aka ba shi ƙwaya talatin a 'yar leda, aka ce ya dawo Alhamis ta farkon kowane wata. Yakan ce wa Sarkin dako zai je gaida surukarsa.

Sule ma yana da ciwon, ya ma riga Bawa. Shi tansiyo yake ce masa, irin faɗin mutanen can. Yana da ɗan littafinsa na likita a Ɗan Isa, yana sayen maganin in ya samu hali, in bai samu ba ya sha jiƙon ganye. Sai daminar da aka rufe boda ta zo. Motoci suka tsaya har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu. Kayan da ke tsallakawa suka koma bin hanyar daji, a ka, tafiyar awa biyu ko uku, kuma maganin da Sule ke saya ya yi wuyar samu, in an samu kuma sai mutum ya zaɓa tsakaninsa da hatsin gida. Ya gwada zuwa asibitinmu. Aka auna shi, aka rubuta masa takarda ya je ya saya a kanti, domin shirin na masu kati ne.

Washegari ne Bawa ya fara roƙona tsohuwar reza.

A bayan rumfata suke yi, bayan sallar asuba, kafin mutane su taru. Bawa ya zauna a kan turmin da nake zaunar da masu aski, ya juye gwangwanin alawa a gwiwarsa, ya ɗora ƙwayar a kan murfin, ya danna reza a tsakiya da babban yatsa. Ƙwayar fara ce ƙarama, ba ta kai ƙwayar wake ba, ba ta kuma cika rabuwa daidai. Ya miƙa tafin hannu. Sule ya duba, ya zaɓa, kullum ƙaramin ɓangaren yake ɗauka yana cewa shi ne babban. Su kora da ruwan butata. Daga baya Bawa ya ga yankan kullum yana jawo ido, sai ya koma yanke na wata guda a zama ɗaya, ya zuba a gwangwanin, ya bar shi a cikin zabirata.

Ban hana su ba. A ganina a lokacin, rabin magani ya fi babu.

Alhaji Badaruddeen, wanda yawancin kayan da suke ɗauka nasa ne, shi ma yana da hawan jini. Nasa ba a ɓoye yake ba. Yakan zauna aski yana ba ni labarin likitansa na Katsina, da abin da aka hana shi ci, da yadda uwargida ke dafa masa miya daban. Yana da na'urar awo ta kansa, irin wadda ake ɗaurawa a wuyan hannu, tana cikin mota kullum. Wata rana bayan an buɗe boda, yana cikin nishaɗi, ya sa aka ɗauko ta ya auna kansa a gabanmu, ya nuna mana ɗari da talatin. Sai ya hango Bawa ya sauke buhu yana share zufa.

"Bawa, zo mu ga naka. Ku da kuke cin tuwo da gishiri kamar shanu ba abin da ke samunku."

"Ranka ya daɗe, hannuna da datti."

"Kawo dai."

Sarkin dako yana zaune a kan benci yana jiran layin aski. Bawa ya miƙa hannu. Na'urar ta yi ƙugi ta matse, ta saki, ta sake matsewa, sannan ta tsaya. Alhaji ya kalli lambar, ya kai ta kusa da ido, ya yi dariya.

"Ɗari biyu da goma. Batirin ya yi sanyi ke nan. Mai wannan lamba ai yana kwance ana yi masa fifita, ba ya ɗaukar buhu."

Kowa ya yi dariya, har Sarkin dako. Bawa ya sunkuyar da kai ya yi tasa. Sule ne kawai na ga ya juya yana gyara igiyar takalminsa, wadda ba ta kwance ba.

Malama Ummusalma ba ta yi dariya ba da ta ga lambobinta. Wata shida tana aunawa, abin bai sauka yadda take so ba. Ta tambaye shi ko yana shan maganin. Ya ce kullum, bai taɓa tsallake rana ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ta ƙara masa wata ƙwayar, ruwan ƙwai, ta ce ya haɗa su biyu. Ita ma ta shiga ƙarƙashin reza.

Ni kaina ina zuwa asibitin saboda gwiwa. Wata rana tana rubuta mini magani sai ta ɗago.

"Baba, an ce a rumfarka Malam Bawa yake zama. Tsakaninka da Allah, yana shan maganin nan?"

Na ce, "Kowace safiya ina ganinsa yana sha."

Ta dubi ƙofa. A waje akwai mata da jarirai cike da baranda, wani tsoho yana tari. Ta ce to, ta kira na gaba. Na fito ina gaya wa kaina ban yi ƙarya ba. Na yi tunanin in ta sani za a soke katin, in an soke magana za ta fita, in ta fita gammo biyu za a karɓa, gida biyu su rasa tuwo. Haka na lissafa, kuma ban tambayi kowa ba ko lissafin daidai ne.

A watan da ya biyo baya ta gaya wa Bawa cewa in ya dawo lambar ba ta sauka ba, za ta rubuta shi zuwa babban asibiti a Katsina, domin abin ya wuce abin da take iya riƙewa a nan. Ya dawo rumfata ya faɗa mini. Katsina tana nufin kwana biyu ko uku ba aiki, da gwaje-gwajen da ba a cikin shirin suke ba, da tambayar Sarkin dako. Tana kuma nufin katin zai bar hannun Malama, shi kuwa bai san ko 'yar ledar za ta ci gaba da zuwa ba.

Sule ne ya kawo dabarar, kuma na san har gobe yana tuna cewa shi ne.

"Mi ya hana ka sha duka in ranar ta matso? Kwana huɗu, ka haɗiye nawa da naka. Ta auna ta ga ya sauka, ta bar ka."

"Kai fa?"

"Ni kwana huɗu ba ya kashe ni. Na yi wata uku ban sha ba, ga ni."

Haka suka yi. Ranar Alhamis lambar ta sauka, ba sosai ba, amma ta isa. Malama ta ji daɗi, ta ce yanzu an dace da magani, ya ci gaba a haka. Ta rubuta a katin cewa ya samu sauƙi.

Sai dai a rana ta uku cikin huɗun nan Sule ya yi haɓo a bakin mota, jini ya ɓata masa gaban riga, ya ce wa mutane zafin rana ne. Bawa ya gani. Da ya dawo daga asibiti da sabuwar leda, ya ce wa Sule rabon da ya ci masa zai rama: kwana huɗu Sule ya sha cikakkiya, shi ya huta. Sule ya ƙi. Suka yi ta ja a bayan rumfa da murya ƙasa-ƙasa.

"Ni ban bi ka bashi ba."

"Shekara tara na taɓa cin lomarka ban mayar ba?"

"Wanga ba loma ba ce."

"To mece ce? Ɗauki, mutane na tahowa."

Ya ɗauka. Daga nan abin ya zama tsarinsu na kowane wata: kwana huɗu kafin Alhamis na Bawa, kwana huɗu bayanta na Sule, sauran kwanakin rabi-rabi. A wajensu an yi adalci. A katin asibiti kuma Bawa na Farfaru mutum ne da magani ya karɓe shi.

Ni da nake aske shi kowace Juma'a, har da wadda ke bin ranar awon, na fara lura da wasu abubuwa. Farin idonsa ya yi ja. Yakan tambaye ni abu, in amsa, ya sake tambaya. Sau ɗaya ya miƙa hannu zai karɓi madubi ya kama iska a gefensa. Tsahara ta aiko a tambaye ni ko akwai abin da ake shafa wa mutumin da ke tashi da safe yana cewa hannunsa na hagu ya yi barci. Na aika mata da man zafi.

Bazarar bara ta yi tsanani. Ruwa ya yi jinkiri, iska ta tsaya, ganyen bedi ma ba ya motsi. Kayan da suka taru lokacin rufe boda suna ta zuwa, motoci har bayan gidan mai. A makon farko na watan, Bawa ya je awonsa ranar Alhamis, ya dawo da leda, ya cire wa Sule na kwana huɗu cikakku, ya ba ni sauran in ajiye. Juma'a, Asabar, Lahadi, Litinin, bai sa kome a bakinsa ba sai ruwa da abinci. Ranar Lahadi Sule ya ce masa ya isa haka, ya ƙi. Ya ce saura kwana ɗaya.

Ranar Talata bai zo da asuba ba, domin motar Alhaji Badaruddeen ta iso tun duhu bai gama washewa ba, an kira su kai tsaye. Ina hango su daga rumfa. Sule ya aza, Bawa ya tafi, ya dawo ya aza wa Sule. Na ga sau biyu Bawa ya tsaya a tsakiyar hanya da buhu a ka, kamar wanda ya manta motar da zai kai, sannan ya ci gaba.

Da hantsi ya yi suka gama. Sule ya tafi sayo musu fura. Bawa ya zagayo bayan rumfa ya ce in miƙo masa ledar da gwangwanin, yau za a koma rabi. Na ce ya fara haɗiye ɗaya tukuna.

"Bari mai zaɓe ya zo," in ji shi.

Ya zauna a kan turmi, ya ciro rezar daga hula, ya warware takardar. Ina aske wani direba, ina jin ƙarar yankan a kan murfin gwangwani, ƙas, ƙas, a hankali. Sai na daina ji. Na ɗauka hutawa yake. Da na juya, yana nan zaune yadda yake, kansa a sunkuye kamar zai yi dariyar nan tasa, sai dai gefen bakinsa ya zame ƙasa, hannunsa na hagu yana lilo a gefen turmin. Rezar tana ƙasa tsakanin ƙafafunsa.

A motar Alhaji aka kai shi Katsina, kuma Alhaji ya yi abin da ya kamata, ba zan rage masa ba. A hanya Alhaji yana ta cewa mutum ne da ko zazzaɓi bai taɓa jin ya yi ba. Bawa ya kwana shida bai yi magana ba. A na bakwai aka dawo da shi a rufe, aka kai shi Farfaru, da rana tsaka, mutane kaɗan, aka yi sauri aka juyo.

Bayan sadakar uku na je asibitin unguwa, ba don gwiwa ba. Na jira har baranda ta ragu, na gaya wa Malama Ummusalma abin da na sani, tun daga rezar farko. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ciro katinsa ta daɗe tana duba lambobin da ta rubuta da hannunta.

"Da na sani, Baba, da aƙalla na san abin da nake aunawa."

Na tambaye ta ko da an soke katin. Ta ce ba ta sani ba, ba a taɓa kawo mata irin wannan ba, da sai ta tambayi na sama da ita. Sannan ta ce in turo mata abokin nasa ta auna shi, awo ba ya buƙatar katin ɗan ƙasa. Maganin ne dai ba ta da ikon ba shi.

Na faɗa wa Sule. Ya ce zai je in aiki ya yi sauƙi. An haɗa shi da wani sabon abokin aiki, mutumin Daddara, wanda bai san kome ba, suna cin kwano ɗaya. Ranar Juma'ar da ta wuce na aske Sule, na ɗora yatsa a gefen goshinsa, na ɗauke da sauri.

Gwangwanin yana cikin zabirata. A ranar da abin ya faru Bawa ya yanka ƙwaya tara, ɓari goma sha takwas. Sule ya zo ya zaɓi tara, ƙananan, ya sha su cikin kwana tara, ya bar tara. Na ce masa ya kwashe duka, har da waɗanda ke cikin leda, mai su ba zai buƙace su ba. Na ce in yankan ne, ni wanzami ne, reza ba ta gagare ni ba.

Ya girgiza kai. "Ba kai ka rabawa ba, Wanzam. Ni kuma ban iya ɗaukar abin da ba a raba ba."

Sauran suna nan cikakku, farare da masu ruwan ƙwai, zafi ya fara sa su manne wa ledar. Akwai ɗaya da na ware a cikin takardar simintin tare da rezar, ita ce ta goma. Bakin rezar ya shiga ta har rabi, layin yana nan a tsakiya, a miƙe, amma ba ta rabu ba.